Gemun Kubra

Kubra siririya Allah ya yi ta, ko shinkafar Kadawa kaf za ta cinye ba za a gani a jikinta ba. Mijinta Datti kuwa kullum sai gori. Shi ya sa a shekarar canjin kuɗi, da yayarsa Barira mai tallar magani a kasuwar Bunkure ta miƙo mata ƙwayoyin ƙiba, hannu biyu ta karɓa.

"Sha-ka-fashe ke nan," in ji Barira. "Biyu da safe, biyu da yamma."

Kafin rani ya fita kumatu sun cika. Sai gashi ya biyo baya a haɓa, baƙi, mai kauri. Kubra ta riƙa dangwalar toka tana tsigewa. In ta tsige ɗaya, uku su fito.

Wa ya tona ta? Barirar nan dai. Ana tsinkar tumatir a bakin kanal ɗin ban-ruwa ta fizge mata mayafi gaban mata.

"Ku zo ku gaida Malam! Saura buzu da carbi."

Aka kwashe da shewa. Sa'adiya 'yar Barira ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ita ta tsinto mata mayafin. Kafin sati magana ta zama maita, uwaye na janye 'ya'yansu in ta gifta. Datti, da ba ya iya tari gaban yayarsa, ya ce ba zai zauna da ƙato ba, ya ba ta takarda.

Tana idda ta je asibiti a Kura. Malamar asibiti ta jujjuya ƙwayar.

"Baiwar Allah, wannan maganin masu asma ne. Shi ya kumbura ki, shi ya fito miki da gemun nan."

Kubra ta fito zuciya na tafasa, ta zarce gidan Barira don ta zazzage mata. Ta tarar da ita tana sa wa Sa'adiya ƙwayar a tafin hannu, don bikin yarinyar saura wata uku, ga ta kamar sillen kara.

"Malam, me aka zo nema?" in ji Barira.

Kubra ta dubi haɓar yarinyar, sumul. Tausayi ya taso mata, ta danne shi.

"Ba komai, Yaya. Na ga ɗaya kike ba ta. Ai ba ya kamawa da wuri. Ni sai da na koma uku-uku."

Barira ta ƙara biyu.