Tarhon Gidan Alhaji Indabawa

Shekarar da kuɗin mai ya fara zuba, gwamnatin jiha ta tuna cewa mutane na karyewa a kan titi. Ta sayo fararen motocin asibiti masu jiniya, ta raba su tsakanin Inugu da Anacha da sauran garuruwa, ta haɗa su da rediyon oba-oba. Kowace unguwa aka ba ta tarho ɗaya: a buga Inugu, Inugu ta turo motar da ta fi kusa. Aka kuma ɗauki mutum guda daga kowace unguwa aka koya masa taimakon gaggawa.

A unguwar Hausawa ta Anacha, Zailani mai kemis aka tura. Ya dawo da farin ƙyalle ɗaure a damtse da magana ɗaya da ya dame mu da ita: wanda ya bugu a baya ko a wuya, kada a ɗaga shi sai mota ta zo da katakon ɗauka.

Rigimar ta taso ne a kan inda za a ajiye tarhon. Zailani ya ce shagonsa yana bakin titi, a buɗe yake daga asuba har isha'i. Alhaji Indabawa, wanda shi ya fara dawowa bayan yaƙin basasa ya karɓo mana filin masallaci, bai ko dube shi ba.

"Kayan gwamnati ba ya zama a tsakiyar kwalaben maganin tari," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ba kayan ado ba ne. Na wanda jini ke zuba ne."

"Lokacin da jini ke zuba da gaske a garin nan kana ina, Malam mai kemis?"

Dattawa suka yanke hukunci yadda suka saba, wato suka sunkuyar da kai. Aka ja waya zuwa gidan Alhaji. Ba a sa tarhon a zaure ba, don 'yan dako na kwana a can, kada su taɓa shi da hannun albasa. Can cikin turaka aka kai shi, bayan ƙofar da aka rubuta wa BA SHIGA da jan fenti. Aka ɗinka masa mayafi na leshi. Baƙi daga Kano sukan ji labarinsa, manyan cikinsu har a shigar da su su gani.

Wata Laraba bayan azahar, Alhaji yana Fatakwal neman siminti, wani ɗan dako mai suna Awwalu yana sauke albasa daga saman babbar mota a gefen Kasuwar Ochanja. Buhu ya zame, ya tafi da shi. Ya faɗo da baya a kan bakin kwata.

Zailani ya iso yana haki, ya durƙusa, ya matsa babban yatsan ƙafar Awwalu.

"Kana ji?"

"Ina ji, Malam."

"Motsa shi."

Yatsan ya motsa. Zailani ya miƙe ya fuskanci Bubayero, shugaban 'yan dako, wanda kawun Awwalu ne, shi ya kawo shi daga ƙauye.

"Kawu, kada kowa ya taɓa shi. Ku riƙe masa tabarma ta tare rana. Zan kira mota."

"Mota!" Bubayero ya tofar da goro. "Yaro na kwance a bakin kwata kamar mushe, Inyamurai na kallonmu, kai kana maganar mota? Ga amalanke nan, asibiti ba Makka ba ne."

"In kun naɗe shi a amalanke kun gama da shi. Na roƙe ka don Allah."

"To yi sauri, likitan ƙyalle."

Zailani ya ruga. A zauren Alhaji ya yi sallama har sau uku kafin muryar Hajiya Haulatu, matar gidan, ta fito daga bayan ƙofa.

"Maigidan ba ya nan."

"Na sani, Hajiya. Tarho nake so. Mutum ya karye a kasuwa."

"Allah ya ba shi lafiya. Ka san karatu ai, ka ga abin da ke jikin ƙofar."

"To miƙo shi nan."

"Wayar ba ta wuce tsakar gida."

"To ke ki buga!"

"Kada ka ɗaga mini murya a gidan mijina. Ya rantse kafin ya fita, duk wanda ya taɓa abin nan a bayansa ya kuka da kansa. Kai in ya dawo shagonka za ka koma. Ni ina zan koma?"

Zailani ya ɗora hannu a kan ƙofar. Ba a kulle take ba, ko yaro zai iya tura ta. Ya tsaya yana kallon jan fentin, bai tura ba. Shi ma a irin gidan nan aka haife shi.

"Hajiya, yatsansa na motsi. Yanzu haka yana motsi. In 'yan dako suka gaji da jira suka ɗauke shi, ba zai ƙara taka ƙasa ba. Zan tsaya a nan in yi ta faɗa har unguwa ta taru ta ji wanda ya hana."

"Barazana kake mini?"

"Ita ce."

Ya ji ta bar bakin ƙofa. Sai ƙarar silifa, sai ƙarar makulli. Ya fara ƙwala mata lambar da abin da za ta ce da Turanci, ta katse shi daga can ciki.

"Rufe mini baki, a garin nan aka yanke cibiyata."

Ya ji tana magana da Inyamuranci, da sauri, tana maimaita Ochanja. Ta dawo bakin ƙofa ta ce mota na tafe, ta ƙara da cewa Allah ya isa tsakaninta da shi.

Da ya koma kasuwa babu Awwalu, babu amalanke. Mai sayar da manja ta nuna masa hanya da haɓa. Ta ce sun kama shi hannu da ƙafa, sun lanƙwasa shi don ya shiga, ya yi ƙara sau ɗaya. Bai gama jin bayanin ba motar ta iso da jiniya, sabuwa fil, ma'aikata biyu suka diro riƙe da katako. Suka tarar da ɓawon albasa.

A asibiti Zailani ya sake matsa yatsan. Awwalu yana kallon rufi, ya tambaye shi ko ya fara matsawa.

Alhaji ya dawo ran Juma'a. Bayan an sallame salla ya tare Zailani a ƙofar masallaci, gaban kowa.

"Kai ne ka sa iyalina ta yi magana da ƙaton arne a waya?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Awwalu ba zai ƙara tafiya ba. Ko ba a gaya maka ba?"

"An gaya mini. Ƙaddara ce, na aika da shinkafa. Ina tambayarka mutuncin gidana."

"Da tarhon na shagona, da yanzu..."

"Da kana da mutunci, da an ba ka."

Bubayero yana tsaye a gefe. Zailani ya juya gare shi ko zai ce wani abu. Bubayero ya ce shi bai san tarho ba, abin da ya sani an bar ɗan ƙanwarsa a rana ana jiran likitan ƙyalle. Dattawa suka shiga neman takalmansu.

A makon nan Alhaji ya sayo ƙaramin kwaɗo ya maƙala wa tarhon, makullin yana aljihunsa duk inda ya tafi.

Da asibiti suka sallami Awwalu, motar goro mai zuwa Kano aka samu don a mayar da shi gida. Zailani ya ciro ƙyauren shagonsa na baya, suka ɗaure Awwalu a kai da rawani, suka ɗaga a hankali, mutum shida, Bubayero na ta faɗin a bi sannu, a bi sannu. Aka kwantar da shi tsakanin huhunan goro.

"Malam," in ji Awwalu, "a rufe mini ƙafafun. Ƙuda na hawa, ba na ji, sai dai in gani."