Sunan Tamba a Littafin Sansani

Duk wanda ya ci shinkafar fadamar Ambursa ya san Tamba mai majajjawa. Wanda bai san shi ba baƙo ne, a ba shi ruwa ya sha. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana korar tsuntsu a titin jirgin sojan sama, a wani sansani da ke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Ko fakewar ruwa ba ta taɓa shigar da shi aji ba, amma babu matuƙin da ya isa ya tashi sai Tamba ya ɗaga hula ya nuna hanya ta yi fili.

Kada wani ya raina aikin. Belbela ɗaya in ta faɗa injin jirgi, sai dai a nemi likkafani. Farkon buɗe sansanin hafsoshi sun gwada bindiga, sun gwada jiniya, kwana biyu tsuntsu ya saba. Tamba ne ya kawo musu dabarar gona: doguwar igiya, gwangwanaye da tsakuwa a ciki, majajjawa a hannu. Shi ya hana su yankan ciyawa ranar tashi, don belbela mai yanka take bi saboda fara. Kwamanda tara suka zo suka wuce a gabansa. Ƙarar jirgi ta cinye masa kunnen hagu, wuta ta lashe masa damtse ran da ya janyo wani matuƙi daga jirgin da ya kama, kuma ga shi nan daram, ya binne waɗanda suka fi shi albashi.

Bara sansanin ya cika shekara talatin, aka ce za a buga littafin tarihinsa. Wata hafsa mai suna Nazifa ta zo har zaurensa da waya tana ɗaukar magana.

"Baba, a wane sashe ka yi aiki?"

"Sashe kamar yaya?"

"Littafin sashe-sashe aka tsara shi. Matuƙa, makanikai, masu kashe gobara, asibiti, masu gadi. Kowa da shafinsa."

"Ɗiyata, ni kaina sashe na. Ni da igiyata."

Ta yi dariya, ta saurare shi tun hantsi har azahar, ta karɓi wani tsohon hotonsa ta tafi.

Ranar biki Tamba ya saka sabuwar shadda, aka miƙa masa littafi ɗaya. Yana buɗawa sai ga shi: rabin shafi sukutum, yana tsaye bakin titi, jirgi na tashi a gabansa, da rubutu layi ɗaya a ƙasa. Tun daga ranar littafin bai bar hammatarsa ba. Masu a-daidaita sun gani, 'yan albasa sun gani. Duk wanda ya samu, sai Tamba ya ɗora masa yatsa a kan layin ya ce, "Ga sunana nan, gwamnati da kanta ta rubuta."

Wata Juma'a ya tafi Argungu, ya tarar da taubashinsa Kalilu, tsohon malamin firamare, zaune a rumfar masu kifi cikin mutane.

"Kai, mai cin alli! Karanta ma jama'a da ƙarhi, su ji abin da ubangidanka ya zama."

Kalilu ya saka tabarau ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

"Turanci na, Tamba. Bari mu isa gida."

"Turancin ya hi ƙarhinka? Shekara nawa kana bugun ɗiyan mutane a kansa?"

Mutane suka kwashe da dariya. Kalilu ya ga babu mafita.

"Cewa anka yi: wani manomin yankin yana kallon jirgi."

Dariyar ta mutu. Tamba ya juyo masa kunnen dama.

"Mi kac ce?"

"Yana kallon jirgi."

"Kallo," in ji Tamba. "Ni."

Ya sa Kalilu ya bi jerin sunayen da ke bayan littafin, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. Akwai kuku, don kicin sashe ne. Akwai mai busa bigila. Akwai karnukan gadi biyu da sunayensu, don suna ƙarƙashin masu gadi. Matuƙin da ya janyo daga wuta yana da shafi guda cur, an ce jarumtarsa ce ta fitar da shi.

Wani mai kifi ya ce, "Haƙuri, Baba, Allah ya sani."

"Allah ba littahi yake jira ba. Don jikokina nike."

Ya zare biron da ke aljihun Kalilu ya danƙa masa.

"Kashe layin ga. Rubuta Tamba ɗan Dikko, mai korar tsuntsu, shekara ashirin da bakwai."

Kalilu ya rubuta, har rubutun ya hau kan ƙafar hoton. Tamba ya kai littafin kusa da ido ya daɗe yana kallon tawadar.

"Guda nawa sunka buga?"

"Nan gaban littahin an ce dubu."

Tamba ya rufe littafin ya tura hammata, ya laluba takalmansa da ƙafa.

"To, tashi. Kai ka iya tambaya da Turanci, ka gano muna inda sunka raba sauran."