Hannun Inna Mairama

Ranar da Inna Mairama za ta bar Furana sai da ta bi gida-gida tana sallama, kai ka ce Makka za ta. Gindin Dutse kawai za ta, wani ɗan gari da ke maƙale a jikin dutse tsakanin Ikara da Makarfi, inda aka buɗe kwalejin koyon aikin ungozoma shekaru kaɗan da suka wuce. Tafiyar awa guda ce in hanya ta yi kyau. Amma ga matar da ta shekara arba'in tana karɓar haihuwa a ƙauye ɗaya, wadda ba ta taɓa kwana uku a wani gari ba, wannan ba ƙaramar tafiya ba ce.

Atika ce ta jawo abin. 'Yar Furana ce, yanzu malama a kwalejin. Mairama ce ta karɓi haihuwarta shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, ta zo da cibiya naɗe a wuya, ko motsi ba ta yi, sai da Mairama ta warware ta hura mata numfashi sannan ta tsala kuka. Ita ce ta zo da mota har ƙofar gida, ta durƙusa ta gaida tsohuwa yadda ya kamata, ta tambayi jiki, ta tambayi damina, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Inna, ɗalibanmu littafi kawai suka sani. Muna so su ga yadda ake yi a gida, daga hannun mai abin. An ware miki ɗaki, akwai wuta, akwai abinci. Ki zo ki koyar."

Ki koyar! Wannan kalmar ce ta shiga kan Mairama ta ƙi fita. Ita da ko sunanta ba ta iya rubutawa, yau ita ake roƙo ta tsaya gaban masu farin kaya. Autanta Tukur ya so ya hana.

"Inna, me za ki gaya wa masu turanci? Kuma ga surukarki Naja'atu da ciki wata huɗu."

"Wannan ai nawa ne," in ji ta. "Ko ina bangon duniya zan dawo. Ni zan yanke cibiya, ni zan yi wankan farko. Na yi wa 'ya'yan mutane, sai jikana ne zai wuce ni?"

Kuma ba ta tafi a ɓoye ba. Ta tara matan unguwa a tsakar gidanta, ta kama hannun Wasila, 'yar ƙanwarta da ta daɗe tana riƙe mata ƙwarya wajen haihuwa, ta ce daga yau duk wadda naƙuda ta kama a kira Wasila. Ta ba maƙwabciya riƙon awakinta. Askarta kaɗai ta naɗe a tsumma ta sa a jaka, da zarenta, da ɗan tsingaron tukunyar da take gasa cibiya da shi.

Gindin Dutse bai karɓe ta da komai ba sai sanyi. Iska ce ke gangarowa daga kan dutsen ta shige ta ƙarƙashin ƙofa ta nemi gwiwar tsohuwa. Rijiyoyin garin duk a kan dutse suke tsayawa, ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa. Garin kansa layi ɗaya ne: masu soya taliya da ƙwai, masu cajin waya, masu buga takardu, da 'yan acaɓa da ke jiran a tashi daga aji. Kowa ɗalibai yake kallo. In ta ce wa mutum ina kwana, kafin ta kai ga tambayar iyali ya yi nisa. Ɗakin da aka ba ta yana bayan ɗakin ajiye kaya, da ƙwan lantarki ɗaya da taga mai kallon dutse. Ta ce ba komai, ai aiki ya kawo ta.

Ranar Talata da Alhamis ake shigar da ita aji. 'Yan mata sun fi sittin, cikin fararen kaya, kowace da biro. A ajiye mata 'yar tsana ta roba mai girman jariri, da igiyar roba a cikinta. Atika ta ce, "Inna, nuna musu yadda kike yankewa." Ta nuna. Ta auna da yatsu, ta ɗaure da zare, ta ɗora aska. Ta nuna yadda ake ɗumama tsingaro a gasa cibiya safe da yamma har ta faɗi, da abin da ake shafawa a kai. Ta yi bayanin ruwan wankan jego da kunun kanwa. Tana gamawa sai Atika ta juya harshe zuwa turanci ta daɗe tana magana, tana nuna askar da tsinin biro, 'yan mata suna ta rubutu. Wani lokaci su yi dariya. Mairama ma ta yi dariyar, don a zatonta daɗin darasin suke ji.

Wata rana wani mai ɗaukar hoto ya zo. Ya ce ba fuska yake so ba, ta riƙe askar a kan 'yar tsanar kawai. Ta riƙe masa da hannun dama, hannun da ƙaramin yatsansa ya karkace tun ranar da wata mai naƙuda ta murɗe shi, shekara ashirin ke nan, mai zoben azurfa a yatsan kusa da shi. Har gyara zoben ta yi don ya fito da kyau.

Haka ta yi wata biyar. Aka yi hutu garin ya mutu murus, masu taliya suka rufe, ta zauna ita da dutse suna kallon juna. Aka dawo, aka ci gaba. Tana ƙirga watannin Naja'atu a yatsunta.

Wata Asabar da hantsi Tukur ya kira ta a waya. Muryarsa wata iri.

"Inna, an sauka. Namiji. Jiya da safe."

"Jiya? Shi ne ba ku kira ni ba?"

"Abin ne ya zo da sauri. A ɗakin shan magani ta haihu, Wasila ta raka ta."

Abin ya sosa mata rai, amma ta haɗiye. Naƙuda ba ta jiran kowa, ita ta fi kowa sani. Cibiya ta wuce ta, to saura wanka. Ta sayi sabulu da zanen goyo a bakin tasha, ta hau mota.

A gidan iyayen Naja'atu ta same su, tunda haihuwar fari ce. Mata cike da ɗaki. Aka gaishe ta, gaisuwa cikakkiya, babu abin da aka rage, sai dai kowa idonta na ƙasa. Jaririn na kwance a kan katifa cikin farin zane. Mairama ta tura mayafinta baya, ta ce a kawo ruwan ɗumi, ta miƙa hannu za ta ɗauke shi.

Naja'atu ta riga ta. Yarinyar da ya kamata a ce kunyar ɗan fari ta hana ta ko kallon inda yake, ita ce ta kai hannu a gaban surukarta ta janye shi zuwa jikinta.

"Inna, an yi masa wanka," in ji uwar Naja'atu. "Kuma malaman asibiti sun ce kada a taɓa cibiyar."

"Ni ce fa," in ji Mairama. "Ke kanki wa ya yanke miki taki?"

Wasila ce ta tashi ta kama gefen mayafinta ta ce, "Inna, zo ki ga wani abu."

Ta kai ta ɗakin shan magani na bakin kasuwa. A jikin bango, daidai inda mata ke zama jiran awo, an manna wata babbar takarda mai hoto biyu. A gefe ɗaya hannu ne cikin farar safa riƙe da almakashi, da koren maki a kansa. A ɗaya gefen hannun tsohuwa ne riƙe da aska, an gicciya masa jan layi biyu manya-manya. Mairama ba ta iya karatu ba, amma ta san jan layi, kuma ta san yatsanta. Ga karkacewar, ga zoben da ta gyara da kanta.

"Me aka rubuta?"

Wasila ta kawar da kai daga takardar.

"Na ce me aka rubuta?"

"Wai kada ki miƙa jaririnki ga wannan hannun."

Wata biyu ke nan takardar na nan, in ji Wasila. Akwai irinta a Janfalan, akwai a Nasarawan Doya. Tun ranar da aka manna ta wata mata ta nuna ta ce, wannan ai hannun Inna ne. Kafin la'asar labari ya gama gari. Ita Wasila yanzu rakiya kawai take yi zuwa asibiti, an ba ta safar hannu da sabuwar reza, an koya mata wanke hannu da abin da ake ɗigawa a cibiya, cikin kwana uku.

Kwana uku! Abin da ya fi ƙona ran Mairama ke nan. Ba ta ce hannunta bai taɓa kuskure ba. Ta san jariran da muƙamuƙinsu ya ɗaure kafin suna suka ƙi kama nono, ta san gidajensu, wasu ita ta yi musu wankan ƙarshe. Shekara da shekaru tana cewa kwana ne ya ƙare. Da wani ya zaunar da ita ya ce, Inna, askar nan ce, da a ranar za ta jefa ta a masai. Wata biyar tana kwana a makarantar da ake koyar da wannan magana, babu wanda ya ga ta isa a gaya mata da Hausa.

Ko gidan ɗanta ba ta leƙa ba. Ta hau motar yamma ta koma Gindin Dutse.

Ranar Litinin da safe ta sami Atika a ofis, tana cin ƙosai a takarda tana duba waya. Atika ta miƙe da fara'a.

"Inna, sannu da dawowa. Na ji an samu ƙaruwa. Allah ya raya."

Mairama ba ta ce amin ba, ba ta kuma zauna ba. Ta ɗora hannun damanta a kan tebur, a kan takardun.

"Atika, me nake koyarwa a makarantar nan?"

Fara'ar ta gushe. Atika ta ajiye wayar.

"Inna, darasin… a kan abubuwan da ake yi a gida ne waɗanda ke cutar da jarirai. Dole sai sun gani da idonsu kafin su fita ƙauyuka. Wallahi rayuka ake ceto. Yaran da ke mutuwa da ciwon cibiya sun ragu sosai."

"Ban ce ƙarya kike ba. Me ya hana ki gaya mini?"

"Na ji nauyinki ne. Na san in na faɗa ba za ki zo ba."

"Kin ji nauyina ki gaya mini a ɗaki, ba ki ji nauyin manna ni a bakin kasuwa ba."

"Inna, ai ba a sa fuskarki ba. Ni na hana. Na ce hannu kawai."

Mairama ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Wannan ce ta zo shuɗiya kamar an tsoma ta a baba, wannan ce uwarta ta riga ta fara salati ta haƙura.

"Yarinya, wa ya san ni da fuska a Furana? Mace in tana kan gwiwa idonta a rufe yake. Hannun nan take riƙewa. Uwarki ma shi ta riƙe."

Atika ta fashe da kuka. Ta ce za ta yi magana a cire takardun, sai dai an riga an buga dubu biyu an raba, ba a hannunta abin yake ba. Ta ce Inna ta yafe mata. Ta ce ɗakin nata ne har abada, ko ba ta sake shiga aji ba. Mairama ta zaro askar daga jaka, da zaren, da tsingaron, ta ajiye kusa da ƙosan.

"Ga kayan darasinki. Ki nemi wani hannun."

Ta koma ɗaki ta zauna. A Furana ta riga ta yi sallama da bakinta a gaban kowa, ta miƙa aikinta ga wata. A nan kuwa an gama da abin da ake so a jikinta. Ta ɗebi ruwan garuwa ta shafa sabulun da ta saya don jikanta, ta yi ta murza zoben. Shekara talatin bai fita ba, sai da fatar ta saluɓe sannan ya zame. Ta ɗaga hannun ta duba. Yatsan yana nan a karkace, babu sabulun da zai miƙe shi.

Ranar suna ta je, don kada a ce kaka ba ta zo ba. Aka sa wa yaro Zulkifilu. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, hannun damanta cikin mayafi, aka kawo tuwo ta ce ta ƙoshi. Da rana ta yi, mutane suka ragu, Tukur ya leƙo ya yi wa matarsa magana ƙasa-ƙasa. Naja'atu ta taso, ta ƙara naɗe jaririn da tawul har ninki biyu, ta durƙusa ta miƙo shi, idonta na kan mayafin.

Mairama ta ga ninkin tawul ɗin, ta ga inda idon yarinyar yake. Ta leƙa fuskar jikanta. Hancin Tukur ne sak.

"Riƙe abinki, 'yar nan," in ji ta. "Ina ganinsa daga nan."