Kabejin Gwinyai da Bargon Ingila

"Baban Rufaro! Fito ka gani, sun jiƙe! Duk sun jiƙe!"

Gwinyai ya ajiye kofin shayinsa, ya tsaya ya gyara fuska kafin ya fita, domin murmushin da ke neman kufce masa zai iya jawo masa wuni da yunwa. A bayan gida ya tarar da matarsa Shupikai durƙushe gaban kejin ɓerayen Masar ɗinta guda tara. Ta ɗago ɗaya a hannu, cikinsa sharkaf. Sauran takwas sun haye rufin ɗan akwatin kwanansu, sun cure wuri guda suna ta tsuwa. A ƙasansu sabon bargo ne, shuɗi mai zanen taurari, fitsari ya kwanta a kansa tafki-tafki, ya ƙi shigewa.

"Ashsha!" in ji Gwinyai, har da dafe ƙirji. "Bargon Ingila ne ya yi haka?"

"Kar ka fara, tsoho. Kar ka fara da ni da safen nan."

Shekara shida ke nan dusar katako ake shimfiɗa wa dabbobin, ga shi a garinsu Mutare dusa ba ta yankewa, ko'ina injin yankan katako ne. Duk Asabar Gwinyai ke kwashe tsohuwar ya zuba sabuwa, matan coci suna ta yabonsa, wai miji na gari. Babu wadda ta taɓa tambayar inda yake kai sharar. Rami ne a gindin gwaiba. Can dusar ke ruɓewa da kashi da fitsarin da ta sha, ta koma baƙin taki, shi kuma yake ciyar da kabejinsa. Sau uku maƙwabcinsa Chiwocha yana kayar da shi a bikin nunin amfanin gona, har yana leƙowa ta kan shinge yana tambayarsa ko kabeji ne wannan ko albasa. Bana kuwa kabejin Gwinyai sun fara kai girman kan mutum, saura wata biyu biki, ramin kuma ya kusa ƙarewa.

Ana haka 'yarsu Rufaro, mai aikin jinya a Ingila, ta aiko da barguna uku masu laushi. Wai can an daina dusa: ƙura tana sa dabbobin atishawa, bargo kuwa sai a shimfiɗa shi a kan tawul, fitsari ya ratsa ya sauka ƙasa, sama ya zauna a bushe. A wanke, a shanya, a mayar. Gwinyai ya tsaya yana kallon takinsa na bin ruwan wanki zuwa kwata. Ɗan kashin da ake sharewa ma Shupikai ta ce na furanninta ne.

Sai dai saƙon murya da Rufaro ta turo a wayarsa ya shigo, Shupikai kuma tana tuƙa sadza, tuwon masara, ba ta ji ƙarshensa ba. "Mama, sabulu kawai. Kar ki kuskura ki sa ruwan ƙamshin nan mai tausasa kaya, toshe bargon yake yi, ruwa ba zai ratsa ba." Gwinyai ya saurara sau biyu, ya goge saƙon. Ranar Alhamis ya ce bayanta yana ciwo, ta huta, shi zai yi ɗauraya. Murfi huɗu na ruwan ƙamshin ya zuba.

"Ba ni wayarka in kira Rufaro," in ji Shupikai yanzu, tana goge cikin ɓeran da gefen zaninta.

Gwinyai ya dafe aljihunsa. "Haba Maman Rufaro, yarinyar da ta kwana tana aiki? Ki tashe ta don fitsarin ɓera?"

"Ba ɓera ba ne, sunansa Gwamna."

"To Gwamna ya yi haƙuri. Ni dai abin da na sani, wannan bargon don ɓerayen Turawa aka yi shi. Su cokali guda suke yi. Naki kuwa, ganyen kabeji da ciyawar Mutare, kowanne famfo ne."

"Ganyen kabejin wa? Kai da ko ruɓaɓɓe ba ka ba su sai na yi faɗa!"

Ta janyo bargon daga kejin, ta riƙe shi da yatsu biyu, ruwa na gangarowa kamar daga leda. Ta kai shi kusa da fuska. Gwinyai ya ji gumi ya tsatsafo masa duk da sanyin hunturu, domin ta ƙarƙashin zarnin nan ƙamshin furanni yana nan daram. Nan take ya ɓarke da tari, ya dafa kejin, ya nuna Gwamna.

"Dubi yadda yake rawar sanyi! In mura ta kama shi, ba ruwana."

Ta saki bargon, ta rungume Gwamna. Ta dubi sauran takwas ɗin da suka ƙi saukowa.

"Shi ke nan," ta ce a ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa. "A koma dusa. Amma kar ka gaya wa Rufaro, za ta ji babu daɗi."

"Ni? Bakina a ɗinke yake."

"Sai dai yau Asabar, ina za mu samu dusa kafin su ƙara jiƙewa?"

"Bari in gani ko zan iya roƙon wani," in ji Gwinyai, yana shafa gemu kamar mai babban tunani. A zuciyarsa kuwa har ya hango Chiwocha tsaye a filin biki, baki buɗe. Ya juya zai nufi gindin gwaiba, ƙafarsa na neman yin rawa.

Sai ga hon a ƙofar gida. Wata tsohuwar a-kori-kura ce, an lafta mata buhuna har sama. Wani ƙaton mutum da Shupikai ba ta taɓa gani ba ya sauko, hularsa fara fat da ƙurar katako, ya tafa hannu ya gaishe ta da ladabi.

"Mama, nan ne gidan Baba Gwinyai? Daga injin katako nake. Buhu goma, kamar yadda ya ce ranar Talata." Ya hango Gwinyai ya washe baki. "Baba, ashe maganarka ta tabbata? Ka ce bargon ba zai wuce Juma'a ba!"

Shupikai ta mayar da Gwamna kan akwatin a hankali. Ta sunkuya ta ɗauki bargon, ta shinshina shi sosai, sau ɗaya, sau biyu.

"Talata," ta ce. "Ɗana, kar ka sauke komai tukuna. Shigo ka sha shayi, ka ba ni labarin tun daga farko."