Hankakan Vithoba

Rana ta ɗaga, curin shinkafar da aka ajiye wa mamaci ya fara bushewa a kan dutse, amma hankaki sun ƙi sauka. Suna jere a kan tsohuwar ganuwar bakin teku, suna kallon dangin mamacin kamar masu jiran a gama surutu.

Malam Pendse, tsohon malamin tarihi, ya tsaya can baya da lemarsa. Yau kwana goma da rasuwar maƙwabcinsa Vithoba masunci. Kowa ya sani, idan hankaka bai taɓa shinkafar ba, akwai abin da ya riƙe mamaci, ba zai tafi ba. Pendse bai yarda da wannan ba. Ran da aka ajiye wa marigayiya matarsa tata shinkafar, hankaka ya dira a kai tun kafin a janye hannu, kamar ba ta bar kome a gidansa ba. Duk da haka yana son ya ga me zai riƙe mutum irin Vithoba.

Mangesh, babban ɗan mamacin, ya haɗa tafin hannu. "Baba, jirgin kamun kifin ba zan sayar ba."

Hankakin ba su sauko ba.

"Giyar fa?" in ji Shalan, ƙanwarsa.

"Ke! A gaban mutane?"

"Faɗa masa dai."

"Na bari, Baba."

Wani hankaka ya juya musu baya.

Shekaru Pendse da Vithoba suka yi suna aikin gayya a ganuwar kowace Lahadi, suna tuge saiwar ɓaure daga bango, suna kwashe kwalaben baƙi. Rigimarsu ɗaya ce: igwar da ke bakin ƙofar ganuwar. Vithoba kan tara 'yan makaranta ya ce matan masunta ne suka jawo ta daga teku da igiyar koma, kakar kakarsa a gaba. Pendse ya karanta duk abin da aka rubuta a kan ganuwar, babu mace ko ɗaya a ciki. Shi aka ba wa rubutun sabon allon tarihi da za a kafa kusa da igwar.

A makon Vithoba na ƙarshe a duniya, Pendse ya je duba shi. Ɗakin na warin busasshen kifi da man zafi, koma a rataye a kan ƙofa.

"Malam, ka sa matan a allon?"

"Tarihi ba kasuwar kifi ba ce, Vithoba."

"Littafinka yana wurin da aka jawo ta?"

"Kai kana wurin?"

Vithoba ya yi dariya har tari ya tare shi.

Yanzu Shalan ta waiwayo wajen Pendse, idonta jajir. "Baffa, kowa ya yi magana. Saura kai."

"Ni ba danginsa ba ne."

"Wa ya fi ka cin kifinsa?"

Pendse ya matso, ya gyara murya, yana jin kunyar kansa. "Vithoba, in yara sun zo zan ba su labarinka. Da baki."

Iska ta kaɗa. Ko fiffike bai motsa ba.

"Dubi taurin kai, mutum ya mutu ma," ya ce ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana kallon igwar. "To, har a allon zan sa su. Yaya sunanta, kakar taku?"

"Gangu," in ji Shalan.

Hankaka ɗaya ya sauko, ya taka a karkace, ya cafki shinkafar. Ya tashi ya sauka a bakin igwar, yana ci a hankali, ƙwayoyi na zuba cikin yashi.