Kabarin Gidan Nowak

"Baƙuwa ce, na ji. Rage murya, kunnena ɗaya ne ya mutu, ba duka biyun ba."

Genowefa Nowak ta janye wayar daga kunnenta, ta bar ɗanta Zdzisław yana ta zuba daga can Hamburg. Shekara shida rabonsa da ƙauyen, amma yau ya tuna yana da kakanni.

Rysiek mai haƙa kabari na tsaye a bakin ƙofar kicin, hula a hannu, takalmi duk taɓo. Ya ce sha biyu na bugawa zai wuce ƙauyen gaba, can ma gawa na jiransa. Saura minti ashirin. In bai haƙa yau ba, gobe asibiti zai miƙa gawar ga hukuma, a binne ta inda aka ga dama.

Gawar kuwa ta mahaifiyar Olena ce. Olena tun da yaƙi ya koro ta daga Yukiren da tsohuwarta, ita ke yi wa Genowefa wanka, ita ke yanke mata farce. Ranar Talata tsohuwar ta cika, garinsu kuma ba ya shiguwa. A kabarin gidan Nowak wuri ɗaya ya rage, a saman marigayi Ludwik mijin Genowefa, wurin da ta ajiye wa kanta. Shi ta ce a ba su.

Ta mayar da wayar kunne.

"Jinin Nowak ka ce? To saurara, in gaya maka abin da uwar mijina ta gaya min muna figar dinya. Kakan kakanka da ƙafa ya shigo garin nan, buhu ɗaya a kafaɗa. Ba wanda ya damu ya tambayi sunan ubansa. Sai dai a ce kira sabon nan ya kwashe kashin shanu, aiki sabon nan rijiya. Da ya tashi aure, fadan coci ya rubuta abin da ya ji ana kiransa. Nowak ɗin ke nan, sabon zuwa. Ka ɗauka sarauta ce?"

Rysiek ya yi gyaran murya. "Iya, ni fa ba na son rigimar gida. Bara na haƙa wa wasu, 'ya'ya suka zo suka sa na tone."

"Kai kuma sunan gidanku Kowalczyk, wato jikan maƙera, ko ƙusa ba ka iya miƙarwa. Tsaya nan."

Olena na zaune a teburi tana fere dankali, ta fere ya fi na mutum goma. Ba ta ɗago ba. "Iya, ki bari. Kada ki ɓata da ɗanki saboda mu."

"Yi ferenki."

Wayar ta sake ɗaukar zafi. Genowefa ta saurara, tana kallon agogon bango.

"Kira fadan mana, in ba ka lambarsa? Takardar kabarin sunana ke kai. Ban yi nisa a karatu ba, amma ina gane sunana."

Sai can aka yi mata wata tambaya, a hankali wannan karon. Shekara hamsin da ɗaya suka yi da Ludwik. Ranar da aka sa shi a ƙasa ta dafa akwatin ta ce masa ya matsa gefe, tana tafe. Rysiek ya dubi agogo, ya dube ta. Wuƙar Olena ta tsaya.

Genowefa ta ɗaga haɓa ta nuna wa Rysiek ƙofa. Ya kifa hularsa ya fita, aka ji ƙarar shebur yana jefa shi a bayan mota.

"Ni? Ina za a sa ni? Wannan kuma aikinka ne, ɗan nan. In na mutu sai ka hau mota ka zo, ka bi gida-gida kana roƙon wuri, yadda yarinyar nan ta kwana biyu tana yi. Mu ga ko akwai mai gane fuskarka."