Zamzam a Kan Gilashi Mai Zafi

Tun daga Aziziyya, unguwarsu a Makka, Malam Labaran yake faɗa shi kaɗai a cikin bas. Da ya bar 'yarsa Saudat ta shiga makarantar gilashi, ce masa aka yi zane za ta yi. Ba wanda ya ambaci wuta. Jiya da ta leƙo gida ya ga ƙuna a bayan hannunta, ya rantse yau ƙafarsa ƙafarta sai gida.

Makarantar takan tara masu zane su zauna tare, su haɗa hannu su ƙera abu guda. Su Saudat babbar fitila suke yi, kuma ranar za su gama ta.

A bakin tanderu ya same su. Manar, shugabar rukunin, tana juya bututun ƙarfe, Saudat na durƙushe tana hura masa iska, fitilar na sheƙi a ɗaya bakin.

"Saudat! Tashi mu tafi!"

Bakinta na kan bututu, sai ta ɗaga masa hannu ya dakata.

"Ni kike ɗaga wa hannu? Don ki zama maƙeriya na yi ta dakon kayan alhazai a Mina?"

"Ya ammi, ja baya," in ji Manar, tana kiransa baffa da Larabci.

"Ke kuma wa ya sa da ke?"

Hucin wuta ya doki fuskarsa. Ya hango gefen mayafin 'yarsa dab da garwashin gilashin. Ya zaro goran zamzam da ba ya rabuwa da shi, ya tsiyaya a tafin hannu, ya yi bisimilla ya watsa mata, yadda yake yi mata tun tana goye in zazzaɓi ya kama ta.

Rabin ruwan a kan fitilar ya sauka. Ƙas! Ta tsage daga baki har gindi, ta zube ƙasa.

Saudat ta miƙe.

"Baba, aikin mutum shida ka fasa. Ba nawa kaɗai ba ne."

"Tsare ki na yi! Kuma gara da ta fashe. Wuce mu tafi."

"Da ka bari mun gama, da yau zan biyo ka. Yanzu khalas, shi ke nan, sai mun sake ta daga farko."

Manar ta miƙo masa tsintsiya. "Dokar nan, wanda ya fasa shi ke sharewa."

Ya share yana huci, yana tsine wa wanda ya fara hura gilashi a duniya. Shi kaɗai ya hau bas ɗin Aziziyya.